Ƙwaya Hamsin-Hamsin

Ƙarfe shida na safe a Pullman,
ƙanƙara ta tokare ƙofa,
sai da na sa kafaɗa.
Fayafayan gilashi goma sha biyu na jirana
cikin akwatin ɗumi,
kowanne da jiƙaƙƙiyar takarda a gindinsa,
kowanne ƙwaya hamsin.

Kinuwa ake ce mata.
Ranar da na fara ganinta na ce acca ce ta samu wuri ta yi ƙiba.
Nelida ta yi dariya har ta dafa tebur,
ta ce a garinsu, can ƙwanƙolin duwatsu,
da dunduniya kakarta ke murje mata ɗaci.

Iri huɗu muka jera.
Fara, mai cika ido,
kamar an zauna an tsince ta ɗaya-ɗaya.
Ja, launin jar ƙasa bayan yayyafi.
Baƙa, 'yar mitsitsiya, sikeli ma da ƙyar ya san da ita.
Ta huɗun ba ta da suna,
lamba ce kawai a bayan ambulan,
wani manomi ya aiko daga bakin teku
da rubutu mai karkata: a gwada mini.

Fara ba ta yi kwanan banza ba.
Kafin shayina ya huce washegari
ta tsage, ta zuro farar jela,
arba'in da takwas cikin hamsin.
Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.
Ja ta biyo bayan kwana biyu,
arba'in da ɗaya,
uku sun yi funfuna, na cire da hantsaki.
Baƙa ta rabu gida biyu,
rabi sun tashi,
rabi sun sha ruwa sun kumbura sun yi gum.

Marar suna kuwa,
kwana biyar, ko uffan.
Na ɗaga faifan a fitila, na karkata shi,
na ce wannan mushe ce, a zubar.

Nelida ba ta tanka ba.
Ta tsaga ƙwaya ɗaya da reza,
ta ɗiga mata ruwan gwaji, muka tafi cin abinci.
Da la'asar cikinta ya yi ja wur.
Tana da rai, in ji ta. Baki ta rufe.

Sai ta ciro wayarta ta nuna mini kakar bara.
Kwana uku ana tsuga ruwa
saura mako a yi girbi.
Ga Fara nan tsaye a kan kararta,
ta tsiro a zangarniya, kai duk gemu,
ba ta jira an kai ta ƙasa ba.
Eka tara, ko buhu ɗaya bai shiga sito ba.
A gefen hoton, kunya biyu tak,
wata ta jiƙe sharkaf, bakinta a rufe.
Na duba lambar da ke jikin turken,
na duba ambulan.

Baba Cindo ya faɗo mini a rai,
yadda yakan zuba irin gero cikin ƙwarya,
ya kwashe wanda ya taso sama ya watsa wa kaji,
ya ɗauki ɗaya ya gasa masa haƙori, ya saurara.
Ruwan farko in ya sauka
maƙwabta su fita da sungumi,
shi yana gindin ɗorawa yana gyaran igiya.
Mu yara kunya take kama mu.

Takardar da aka ba ni layi biyu gare ta,
nawa suka tsiro,
cikin kwana nawa.
Na juya bayanta, fari fat.

Yau kwana tara.
Jela goma sha ɗaya, gajeru, masu kauri,
ɗaya har ta ɗaga murfin takarda.
Na rubuta sha ɗaya da fensir.
Na ƙara musu ruwa cokali guda,
na mayar da faifan can ƙurya,
inda ɗumin ya fi zama.